Ɗorin da Babu Karaya

Jega, 6 ga Satumba, 1992

Yaya Zaituna,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da karatun asibiti. Mu nan lafiya lau. Gulbi ya cika har ya taɓa gindin mangwaron gonar marigayi Baba. Na je Maiyama ran Juma'a na gano Inna, ƙafarta ta yi sauƙi, bakinta kuwa kin san shi, yana nan yadda kika bar shi. Ta ce jikinki ya yi nauyi, ba za ki iya doguwar tafiya ba sai bayan kin sauka. Allah Ya raba lafiya.

Ga labari. Tunda anka ba mu jiharmu bara, an ce kowane wasa sai Kabi ta fitar da nata 'yan wasa. Ran 14 ga Nuwamba masu zaɓe za su zo Jega su gwada 'yan iyo a gulbi. Mutum huɗu za su ɗauka, a kai su sansani, a ba su aiki. Malam Alu, malamin motsa jiki da ke horar da mu, ya riƙe mana agogo sau uku, kuma duk ukun ni na fara taɓa gaɓa. Har Maiwada, wanda anka haifa kusan cikin kwalekwale, bayana yake gani. Yaya, iyon da kika sha dukana a kansa muna yara, shi zai ba ni aikin gwamnati. Ki fara shirya bakin ba ni haƙuri.

Sai dai akwai 'yar matsala, ba babba ba. Kafaɗata ta dama tana damuna kusan wata guda. In hannun yana ƙasa lafiya lau. In na ɗaga shi ya kai daidai kafaɗa sai in ji kamar an soka min tsinke ta gaba, in ya wuce kunne kuma sai ya lafa. Cikin ruwa nakan ji shi sadda hannu ya shiga zan ja. Ban iya kwanciya a kanta. Ban faɗi ba, ban bugu ba, haka kawai ta fara.

Tunda ke yanzu kin zama ta sashen gashin ƙashi, ki aiko min da ƙwaya mai ƙarfi irin ta Kano, wadda za ta riƙe ni zuwa Nuwamba. Kada ki faɗa wa Inna, za ta tara min gari.

Ƙanenki,
Waliyyu

Kano, 21 ga Satumba, 1992

Wali,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, jiki da sauƙi, sai kumburin ƙafa. Na yi murna da labarin gwajin, wallahi na yi, har maigidan ya tambaye ni me nake wa dariya ni kaɗai. Haƙuri kuma ba zan ba ka ba, duk dukan da na yi maka ka ci shi da haƙƙinsa.

Yanzu ka buɗe kunnenka. Ƙwaya ba zan aiko ba. Rufe bakin ciwon kawai za ta yi, kai kuma ka ci gaba da ɓarna ba ka ji. Na karanta wa likitan da ke koya mana abin da ka rubuta, kuma abin da ya ce shi na riga na yi zato. Ba ƙashi ba ne, jijiya ce. Akwai jijiyoyin da suka riƙe kan ƙashin hannu cikin gurbinsa, suna bi ta ƙarƙashin wani ƙashi da ya rufe su ta sama. Duk ɗaga hannun da ka yi ya wuce kai, jijiyar tana gogar wannan ƙashi. Ka tuna yadda bakin rijiyar gidanmu yake cin igiyar guga? To haka. Yanzu kumbura ta yi. In ka matsa mata za ta fara tsagewa, in ta tsinke kuwa ba iyo kaɗai ba, ko fartanya sai ta gagare ka.

Ga abin da za ka yi, kuma ba shawara nake ba ka ba. Sati uku kada ka ja ruwa da hannu. In zama ya dame ka, rungumi gora ka yi ta bugun ƙafa, numfashinka ba zai ragu ba. Ka sayi ƙanƙara wurin masu ruwan sanyi a tasha, ka naɗe a tsumma ka ɗora minti goma sha biyar, safe da yamma. Ka yanko robar cikin tayar keke ka ɗaura a ƙyaure, ka manne gwiwar hannu da haƙarƙari, ka ja robar waje a hankali sau goma sha biyar, ka huta, ka sake. Kada ka ɗauki buhu a kafaɗar. Amma kada ka ɗaure hannun ko ka bar shi zaune, domin kafaɗa in ta daɗe ba motsi daskarewa take yi.

Kuma na san iyonka. Ta dama kaɗai kake numfashi, babban yatsa kake fara cusawa cikin ruwa, hannun kuma yana tsallaka tsakiyar kanka. Duk wannan matse jijiyar yake. In ka koma, ka juya jikinka gaba ɗaya tare da hannun, ka shigar da tafin a kwance daidai kafaɗa, ka koyi numfashi ta ɓangare biyu. Kuma ka daina faɗawa ruwa daga saukowa keke, ka ɗumama jiki tukuna.

In ka bi wannan, akwai sauran lokaci kafin Nuwamba. Ka rubuto ka ce min ka fara.

Yayarka,
Zaituna

Jega, 9 ga Oktoba, 1992

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Kowa lafiya, an fara yankan gero. Takardarki ta iso, na gode, ko da yake Hausarki ta koma ta Kanawa sai da na karanta sau biyu.

Asirina ya tonu. Inna ta gan ni ina sa riga ina yamutsa fuska, ba ta bar ni na sha ruwa ba sai da munka hau mota zuwa Aliero wurin yayanta, Kawu Magaji mai ɗori. Kin san gidan, zaure cike da masu karaya, har da wani da anka kawo daga Nijar. Kawu ya zaunar da ni, ya bi kafaɗar da yatsunsa tun daga wuya har gwiwar hannu, ya juya ta, ya ja. Sannan ya ce babu karaya, babu gocewa, babu targaɗe, ƙashina lafiya lau kamar na ɗan maraƙi, in tashi in ba masu ciwo wuri.

To kin gani. Ke kin ce ba ƙashi ba ne, Kawu ya ce ba ƙashi ba ne. Asibiti da Aliero sun haɗu a magana ɗaya, abin da ban taɓa ji ba. Inna ta yi hamdala, ta ce tunda Magaji ya taɓa bai ga komai ba, to babu komai, gajiya ce. Malam Alu ma da na faɗa masa hankalinsa ya kwanta. Kin san nan, abin da Aliero ta ce lafiya yake, wa zai ce ba haka ba?

Na huta kwana huɗu saboda ke. Robar ma na ja, 'yan gidanmu suna ta dariya wai ina kokawa da ƙyaure. Amma sati uku, Yaya? Maiwada safe da yamma yake cikin ruwa. Na koma, yanzu ina ƙetare gulbi sau goma maimakon shida don in cike abin da na rasa.

Ciwon yana nan, ya ɗan sauko zuwa damtse. Shekaranjiya na miƙa hannu zan sauko da kwano daga kan katanga sai hannun ya saki da kansa, tuwo ya kife. Na ji wani ƙas a ciki. Ina jin jijiyar ce take warwarewa. Saura sati biyar, ki yi min addu'a kawai.

Waliyyu

Kano, 28 ga Oktoba, 1992

Zuwa ga Kawu Magaji, Aliero.

Kawu, ina durƙusawa ina gaishe ka, da iyali da masu jinya. Allah Ya ƙara wa hannu albarka. Na ba Buba direban motar albasa wannan takarda, na roƙe shi ya karanta maka ku biyu kaɗai.

Maganar Waliyyu ce. Abin da ka faɗa gaskiya ne, ƙashinsa lafiya yake. Amma jijiyar da ke ɗaga hannun ta fara tsagewa, alamun da ya rubuto min ba su da wata fassara. Shi da Inna sun ɗauka tunda babu karaya babu ciwo. Na sake rubuta masa da kakkausar murya, ko amsa bai ba ni ba. In ya shiga gwajin nan na ran 14 ya ja ruwa da dukan ƙarfinsa, ina tsoron jijiyar ta tsinke, kuma wannan ba abin da ake ɗorawa ba ne. Yaro ne ɗan shekara ashirin da uku, da hannun nan zai ci abinci har ƙarshen ransa. Da ina iya hawa mota da na zo na zauna a bakin gulbin da kaina, amma watana ya kusa, likita ya hana.

Kawu, na yi ta tunani, mutum ɗaya ne a duniya zai iya hana shi shiga ruwa, kai ne. Ba wanda yake kwance ɗorin Aliero sai wanda ya ɗaura, kuma ba wanda yake shiga ruwa da shi. Ko Waliyyu da taurin kansa ba zai yi ba. Ina roƙonka ka kira shi ka sake dubawa, ka ce ka ga wani abu, ka ɗaure hannun.

Na san abin da nake roƙo. Na san ƙarya ce, kuma na san ba ka taɓa yi ba. Zunubin a kaina. Amma don Allah ka ji wannan da kyau: kwana goma sha biyu kawai. Ka ɗaure wajen uku ga wata, washegarin gwaji ka kwance, ka ce masa ya fara motsa hannun. Kada ya wuce haka ko da kwana biyu, domin kafaɗa ba kamar ƙwauri ba ce, dogon ɗauri yana ɓata ta.

In ka ga ba za ka iya ba, ka yafe min, ka ƙona takardar.

'Yarka,
Zaituna

Aliero, 4 ga Nuwamba

Daga Magaji mai ɗori zuwa ga ɗiyata Zaituna. Ni ka faɗi, Buba ka rubutawa. Ina gaishe ki, Allah Shi sauke ki lafiya. Mu nan lafiya muke.

Takardarki ta iso, na sa Buba ya karanta min ita sau ukku. Shekara talatin da huɗu ina wanga aiki, ga ubana nig gade shi, ban taɓa ɗaure abin da bai karye ba. Da fari na yi fushi da ke. Sannan nac ce bari in gani da idona. Naj je Jega, nat tsaya bakin gulbi. Hannu guda yaron ka ja da shi, gudan shina biye kamar na aro. Da yaf fito sai da yad duƙa kana yas sa riga. Nan nig gane kin fi ni gani, ko da kina Kano.

Na ce mai in sake taɓawa. Na daɗe ina taɓawa, sannan nac ce akwai tsagewa ga ƙashin, ta ɓace min wancan karo. Gaban mutane nif faɗi. Yanzu ana cewa cikin Aliero Magaji ya fara tsufa, yatsunai sun daina gani. Wagga ta fi min ɗaurin nauyi, amma na ɗauka. Jiya nin naɗe hannun ga ƙirjinai. Ya yi kuka, ɗiyata, namiji da gemunai, har uwarku ta fita ɗakin.

Sai dai kwana goma sha biyu da kinka ce, wanga ba ya yiwuwa. Ɗorin kafaɗa kwana arba'in na, kowa Aliero ya san haka. In na kwance ran sha biyu, duk garin sun san ƙarya niy yi, shi ma ya sani. Kuma gobe wanda yak karye da gaskiya, in na ce mai arba'in, sai shi ce ai ɗan ƙanwarka sha biyu kab ba shi, shi kwance shi nakkasa. Ba ni buɗe wagga ƙofa. Ku na asibiti kuna da kwanakinku, mu muna da namu. Na ɗaure kafaɗu sun fi ɗari, hutu bai ɓata ko guda ba.

Ki kwantar da hankalinki. Ran arba'in ni kwance da hannuna.

Jega, 16 ga Nuwamba, 1992

Yaya,

Ina gaisuwa. Ki yi haƙuri da rubutun, takardar a kan gwiwa take, yatsu kaɗai ke motsi. Ban amsa waccan takardar taki ba saboda faɗan ya yi yawa. Yanzu ga shi kin samu abin da kike so, ko da yake ba ta hanyarki ba.

Kawu ya sake dubawa ya ga ƙashin ya tsage. Ya ɗaure ni tun uku ga wata. Ashe wannan karon ke kika yi kuskure, ƙashi ne. Ban faɗa don in ci miki fuska ba, daga Kano ba ki taɓa ba, ina za ki sani?

Shekaranjiya anka yi gwajin. Inna ta ce kada in je, na je. Na zauna gindin mangwaron Baba da hannu naɗe a ƙirji, mutane suna wucewa suna min sannu. Maiwada ya zo na ɗaya. Malam Alu ya zo ya tsuguna kusa da ni ya nuna min lokacin Maiwada a agogon. Yaya, ko ranar da na fi kowa lalaci ban taɓa yin jinkiri irin wannan ba. Na huɗun da sunka ɗauka yaro ne da ni na koya masa numfashi bara. Da motar ta tashi da su na kasa tashi daga wurin, sai da rana ta yi zafi.

Na yi tunanin in kwance in shiga, wallahi na yi. Hannuna na hagu har ya kai kan ƙullin. Amma ɗorin Kawu ne, kuma mutumin nan ya tsaya gaban jama'a ya ce shi ya yi kuskure, don kawai kada in nakasa. Wanda ya yi min haka ba zan kunyata shi ba.

Zuciyata ba daɗi, ba zan ɓoye miki ba. Amma ƙaddara ce, ba laifin kowa. Malam Alu ya ce wataƙila baɗi su sake zaɓe. Kawu zai kwance ran 13 ga Disamba in kwana arba'in sun cika. Yatsun suna ɗan kumbura, kafaɗar kuma ta daina ciwo sam, ko motsi ba ta yi. Ina jin alamar warkewa ce.

Waliyyu

Kano, 8 ga Disamba, 1992

Wali,

Na sauka lafiya ran 20 ga watan jiya, mace ce, muna lafiya. Ba wannan ne ya sa na rubuto ba.

Takardarka ta yi sati uku a hanya, jiya ta iso. Yau da safe kuma Buba ya kawo min ta Kawu, wadda ta yi wata guda cikin motarsa, domin lodi ya kai shi kudu motar ta lalace a can. Ni duk zatona an kwance ka tun ran 15. 

Duk ranar da wannan ta same ka, in ɗaurin yana nan, je Aliero a ranar a kwance shi. Ka nuna wa Kawu wannan ka ce ni na ce.

Ƙashinka bai tsage ba, bai taɓa tsagewa ba. Ni na rubuta wa Kawu na roƙe shi ya faɗi haka ya ɗaure ka, don kada ka shiga gwajin jijiyar ta tsinke. Bai so ba, ni na matsa. Kwana goma sha biyu na ce. Ban yi tunanin ba zai iya kwancewa kafin arba'in ba, alhali gidan kawuna ne, na san ƙa'idarsu tun ina yarinya. Wannan wautata ce, ba tasa ba.

Rashin motsin da kake ji ba warkewa ba ne, kafaɗar ce take daskarewa. Abin da na gargaɗe ka a kansa da bakina, shi na jawo maka da hannuna. Ana iya dawo da ita, amma sai an yi watanni ana aiki, kuma da zafi.

Ka ce ba laifin kowa. Laifina ne. Na ji tsoro, na ga ba ka jin maganata, sai na bi ta bayanka. Ka zage ni in kana so, amma ka rubuto.

Zaituna

Kano, 17 ga Janairu, 1993

Wali,

Ina gaishe ka. Yarinya tana lafiya, an sa mata Sumayya. Sati shida ke nan ba ka ce komai ba. Inna ta aiko a ce min kana nan, ba ka zuwa Maiyama, ba ka zuwa Aliero. Ban san ko hannun yana motsi ba, kuma wannan rashin sanin yana cina.

Ko ba za ka amsa ba, ka yi wannan. Ka jiƙa tsumma a ruwan ɗumi ka gasa kafaɗar. Ka duƙa ka dafa kujera da hagu, ka saki na dama yana lilo, gaba da baya, sannan kewaye. Ka fuskanci bango ka hau shi da yatsu a hankali har inda zafi ya tsayar da kai, ka ƙirga goma, ka sauko. Ka kwanta rigingine ka riƙe sanda da hannu biyu, na hagu ya tura na dama sama. Sau uku a rana. Kada ka bari kowa ya fizge ta da ƙarfi wai zai buɗe ta.

Fushinka da ni daban, hannunka daban. Kada ka hukunta shi saboda ni.

Zaituna

Jega, 2 ga Maris, 1993

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata ke da Sumayya kuna lafiya, Allah Ya raya ta. Inna lafiya. Ana ta cirar albasa, ni kallo nake.

Takardarki ta Disamba ta same ni kwana shida bayan an kwance. Ranar da Kawu ya warware tsumman, hannun ya rame, fata duk ta yi fari. Ya ce in ɗaga. Na ɗaga, bai wuce cibiya ba. Ya ce in sake. Na ga fuskarsa ta canza, amma ban gane dalili ba sai da na karanta abin da kika rubuto.

Na karanta a tsaye a ƙofar gidan waya, na hau mota zuwa Aliero ko gida ban koma ba. Na same shi a zaure, na jira masu jinya sunka ragu, na tambaye shi. Bai musa ba. Ya ce shi ya ɗaure, shi ya ƙi kwancewa, kada in ɗora miki duka. Na ce, "Kawu, ranar gwaji hannuna yana kan ƙullin, don girmanka na bari." Ya sunkuyar da kai. Tun ranar ban koma ba.

Kin ce in zage ki. Ba zan zage ki ba, amma zan faɗa miki. Na ji haushinki irin wanda ban taɓa jin na kowa ba. Na zauna gindin mangwaro ina gode wa Allah da Ya ba ni dangi masu kula da ni, ashe ku biyu kun gama shawara a kaina kamar akuyar da za a kai kasuwa. Na je babban asibiti, likitan ya ce jijiyar ta ɗan tsage da gaske, kuma da na yi gwajin wataƙila ta tsinke, wataƙila ta kai ni. Wataƙila, Yaya. Shi ma bai sani ba, ke ma ba ki sani ba. Na yarda na yi taurin kai, na ɗauki rabin maganarki na bar rabi. Amma hannuna ne. Da kin bar ni na yi kuskurena da kaina, da yanzu na san wanda zan yi fushi da shi.

Takardarki ta Janairu na jefa ta bayan akwati. Ta yi kwana tara a can. Ran na goma na kasa ɗaura tazugen wandona sai da na kira maƙwabci, shi ne na ɗauko ta. Tun ranar ina yi sau uku, ban tsallake ba. Zafin hawan bangon nan har hawaye yake sa ni. Likitan ya ce iyon gasa kada in sa rai bana, baɗi ma sai an gani. Gulbi ya janye, ban ko bi ta wajen.

Wata biyu da rabi bayan an kwance, da hannu ɗaya nake kabbara. Jiya da magariba na ɗaga, sai na ji babban yatsana na dama ya taɓa kunnena. Na tsaya har liman ya yi nisa cikin karatu ban sani ba.

Ban ce na huce ba. Amma sanda da bango sun kai inda za su kai, hannun yana hawa gaba, ba ya juyawa waje, ba ya zuwa baya. Ki rubuto abin da zan yi nan gaba, dalla-dalla, ko mai zafi ne, ko ba zan so ji ba. Ni za ki rubuta wa, ba Kawu ba.

Ƙanenki,
Waliyyu